Makwancin Shanun Hammawa

Maikuɗi na Kwanyawa dai suna kawai ya ci, don ko jaki bai taɓa ɗaurewa a gidansa ba. Abin da ya mallaka gona ce guda a bakin fadama, laka zalla, mai baƙin hali. Da damina ta riƙe ƙafa, da rani ta dare har hannu ya shige.

Shekara da shekaru Hammawa, wani Bafillace daga wajen Rogo Ruma, ke sauke shanunsa a gonar bayan girbi. Kashin shanu da ruɓaɓɓen kara suka sa ƙasar ta yi laushi, tana marmashewa a hannu, ta sha ruwa ta ɓoye. Da yamma su biyun sukan zauna a gindin kanya, hirar ba ta wuce ta ruwa da ciyawa. Farin da aka yi a shekarar tamanin da huɗu ya kora Hammawa kudu, bai sake dawowa ba. Matar Maikuɗi ta rasu, 'ya'ya suka watse, saura autansa Shitu, shi ma idonsa na kan motocin Kano da ke lodi a Karaye.

"Baba, in dawar bana ba ta yi ba, ni fa tafiya zan yi," in ji Shitu.

Maganar ta tsaya wa Maikuɗi a rai, don ya fi tsoron cin tuwo shi kaɗai a kan yunwar kanta. Ya shiga tsintar kashin shanu a burtali, kwando a ka, masu wucewa na tambayarsa ko ya sayi garke ne. Sai dai ƙasar da ta daɗe tana daskarewa ba kwando ne zai lallashe ta a damina ɗaya ba.

Dawa ta fara fid da kai ke nan ruwa ya ɗauke. Laka ta tsattsage, iska ta bi tsagar ta zuƙe danshin, saiwa ta tsinke. Maikuɗi ya riƙa yini yana toshe tsaga da fartanya da dunduniya. Gefe ɗaya kawai ya tsira, tsohon makwancin shanun, inda har yanzu in ka tona sai ka ji sanyi a yatsa.

Ranar da suka gama yanka, Shitu ya dubi 'yan dammunan da suka ɗaure.

"Baba, wannan zai kai ka damina."

"Zai kai mu dai," in ji Maikuɗi.

"Kai kaɗai zai kai, Baba."

Maikuɗi ya sake duban dawar, ya ga lalle ba za ta ci da baki biyu ba.