Jan-baki a Gaban Firiza

Marisol Quintero ba ta barin komai bai ƙirgu ba, don haka ta san wannan ce Talata ta bakwai da wata mata ke zuwa wurin aikinta. Tsohuwa ce doguwa, da koriyar kwat mai maɓalli biyar, ɗaya ya tsinke. Takan tsaya bayan gilashin ɗakin binciken ido, daidai saitin firiza ta uku, ta shafa jan-baki, ta gyara furfura, ta ɗaga haɓa kamar mai jiran hoto.

Yau Marisol ta leƙo. "Mama, wa kike nema?"

"Mijina, 'yar nan. Da zai rasu, ku ya bar wa idanunsa. Shekara tara ciwo ya hana shi ganina. To yanzu da kuka buɗe su, wa ya sani?"

Marisol ta san ido ba ya kwana a nan. Ana warware shi ƙwaya-ƙwaya, a karanta gadon halittar kowace ɗaya. Na ƙarshe ya ba da ƙwaya dubu takwas da ɗari huɗu da sha biyu, babu suna, sai lamba.

"Na yi kyau?"

"Ƙwarai, Mama."

Tsohuwar ta ɗaga wa firizar hannu, ta tafi. Marisol ta je ɗauko samfur. Kafin ta buɗe ƙofar firizar, ta tsinci hannunta yana gyara mata gashi.