Ungozomar da Ta Ɓata Mani Jaki

Ungozomar likitarmu ta ɓata mani jaki. Ba duka ta yi mai ba, ba guba ta ba shi ba, da hakanan ne da na san inda zan kai ƙara. Hankalinai ta juya, jakin da na yi kiwo tun shina bin uwatai.

Ni ba mai ilimi ba ne. Na yi lakwal har aji huɗu, mushe, malaminmu, ya ce kaina ya cika, in ba wasu wuri. Amma ina karanta abin da anka rubuta ga bango, kuma na san hagu da dama, abin da jakina ya daina sani.

Sana'ata amalanke. Ƙauyenmu na cikin kwari, wajen Karofane, da rani kowa albasa yake yi. Ranar kasuwa ni ke ɗaukar buhunan mutane in kai babban gari, inda kamiyon Madawa ke lodi. Kamiyo ba shi jiran kowa. Rana na kaiwa tsaka sun ɗaure tanti sun tahi, wanda bai iso ba sai ya mai da albasatai gida ta ƙara kwana bakwai tana ruɓewa. Gab da shiga gari hanya ta rabu biyu. Dama kasuwa. Hagu likita, inda mata ke awon ciki da haihuwa da allurar yara. Shekara shida ni da jakin nan muna bin dama, ko igiya ba ni ja.

Wata rana da hantsi naƙuda ta kama matar maƙwabcina, mijin ya tahi biɗa, neman kuɗi Abijan, anka roƙe ni in kai ta. Na kai ta, don ni ba mugu ba ne, ko da mi za ku ji ana cewa. Na tsai da jakin ƙarƙashin itacen bedin ƙofar ɗakin haihuwa. Ran nan ana koya ma uwaye dama kunun yara masu tamowa, gero da wake da ƙuli-ƙuli. Da anka gama, ungozomar ta fito da tukunyar. Mace ce gajeruwa mai tabarau, kowa Madam yake ce mata. Ta dubi jakina ta ce, "Wanga ma'aikaci ba a sallame shi ba." Ta kankare ƙanzon tukunyar cikin wata tasa shuɗiya, ta zuba dusa da ɗan kanwa, ta aje mai.

Har godiya na yi mata. Wannan godiya ita ta fi ci mani rai yau.

Kasuwa ta zagayo, na ɗauko buhu takwas. Muna isa mararraba jaki ya yi hagu. Na ja igiya, ya ja ni. Na sauka na riƙe kunnenai na nuna mai kasuwa da hannu, na ce ga ta can, ga kamiyo, ga mutane. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya wuce, ya tsaya ƙarƙashin bedi ya yi kuka. Madam ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, wa ke naƙuda, albasar?" Ta fito da shuɗiyar tasa. Sai da ya lashe ta tas sannan ya yarda munka tahi kasuwa.

Na ce sau ɗaya ne. Ashe hanya ta buɗe.

Kun san yadda cikin fari yake wajenmu. Yarinya sabuwar aure ba ta faɗi, ba ta yarda a sani, ko ya kai mata haɓa cewa take fura ta sha. Balle a gan ta ta nufi likita da ƙafarta, gari duka ya san abin da ke nan. Madam ta yi ta aike, ta yi ta magana wajen suna da biki, yaran nan ba su zuwa awo sai abu ya ɓaci. Amma hawa amalanke zuwa kasuwa ba abin kunya ba ne.

Sai na ga ranar kasuwa ina samun fasinja. Yara mata, sababbin aure, wadda ta fi girma cikinsu ba ta kai ashirin ba. Su zo su tsaya bakin hanya da babban mayafi, su ce, "Baba, a rage muna hanya." Su hau bisa buhu. Jaki ya yi hagu. Sai ka ji sun ce, "Wanga jaki na Baba ba shi jin magana." Su sauka wai za su sha ruwa tunda an tsaya. Ruwan nan ciki yake, bayan labule. In sun fito sai ka ga bakin zane da ƙulli mai kusurwa huɗu. Na ce maku ina karatu. Karne ne, ɗan littafin awo, na san shi.

Abin da ya sa na gane da hannun Madam ciki, tasar ce. In yarinya ɗaya na kawo, dusa rabin tasa. In huɗu ne, sai ta cika ta har da tozo, ta ƙara kanwa, don jakin ya daɗe shina ci har ta gama auna su duka. Da jakina take auna lokaci. Ni ina zaune ina jin kamiyo na hon can kasuwa, albasar mutane na shan rana.

Kuma yaran nan ba su da abin sayarwa. Ƙwarya guda gare su da ƙwan zabo uku ciki, ɗaya da ɗigon shuni. Wadda za ta awo ita ke riƙe ta, don in an tambaya ta ce ƙwai za ta kai kasuwa. Wata biyar ina ganin ƙwan nan uku, daga wannan hannu zuwa wancan. Na ce ma ɗaya, "Ɗiyata, ki sai mani da ƙwan." Ta ce, "An riga an yi ciniki, Baba." Allah ya tsare wanda zai fasa su.

Babu abin da ban yi ba. Na rufe mai ido da tsohon rawani, ya bi hanci. Na sayo dusata da kanwata na ba shi gida har cikinai ya yi ganga, ya isa mararraba ya yi hagu. Malam ya yi rubutu na ba shi, ya sha, ya lashe ƙwaryar, ya yi hagu. Na ari jakin ƙanena na ɗaura, nawa na biye a baya. Munka isa mararraba nawa ya yi kuka sau ɗaya, na ƙanena ya yi hagu. Har yau ƙanena bai gama yi mani magana kan wannan ba.

Gari ya samu abin yi. In na zo wajen mai shayi sai ka ji, "Ga mai awo nan, a ba shi benci, kar ya daɗe tsaye." Wani ya ce, "Kilo nawa ka ƙaru wanga wata?" Matata ma, da ya kamata ta kama mani, ta ce jakin ya fi ni amfani ga jama'a, shi ko takarda bai yi ba.

Abin ya ƙare ranar da wani dattijo, wanda ya fi kowa gonar albasa ƙauyenmu, ya ce zai bi kayanai da kainai ya ga abin da ke sa suna makara. Ya hau bisa buhu da babbar riga da tazbaha da tumbinai. Na roƙi jakin nan tun daga gida, har sunan uwatai na kira mai. Ya yi hagu. Ranar kuwa ranar allurar yara ce, mata cike ƙarƙashin bedi. Madam ta fito da tasa, ta dubi tumbin dattijon ta saman tabarau ta ce, "Baba, wanga ai ya wuce wata tara, don mi ba ka zo da wuri ba?" Mata sunka kwashe da dariya har wata ta saki goyo. Dattijon ya sauka ya tahi kasuwa a ƙasa. Da marece ya aiko cewa buhunai ba su ƙara hawa amalanken da bai san inda za shi ba. Mutum uku sunka bi bayanai. Ya rage saura mutum biyu ke ba ni kaya, su ma sun ce in kamiyo ya ƙara tashi ba su, shi ke nan.

Sai na yanke shawara in sai da jakin, in sayi wani baƙo daga wajen Keita wanda bai san Madam ba. Akwai wata tsohuwar hanya da ke ratsa rairayin gulbi ta ɓullo bayan kasuwar dabbobi, ba ta bi ta mararraba. Wuya gare ta, amma na ce ranar nan ta nan za mu bi, in sauke albasa da wuri, in miƙa igiyatai ga dillali kafin azahar.

Da safe na ɗaura buhu biyar. Ina fitowa bakin gari sai ga ɗiyata ta fari tsaye. Bara anka yi mata aure da yaron da ita ta kawo da kanta, shekarunta sha bakwai, shi ko ya tahi biɗa tun bayan kaka. Ɗiyar fari ce, ba ni kiran sunanta, ita ma ba ta duban idona. In muna da magana sai mu yi ta da bango ko da akuya. Ta ce ma jakin, "Ko ana zuwa kasuwa?" Na ce ma tayar amalanke, "Wanda zai hau shi hau." Ta hau can baya, ta ba ni ƙeya.

Mun yi nisa na waiga don in duba igiyar buhu. Bisa cinyarta ga ƙwarya. Ƙwan zabo uku, ɗaya da ɗigon shuni. Na ga kuma ƙafafunta da ke lilo, sun kumbura har silifa ya shige cikin nama.

Mi zan ce, kuma da wa, da taya? Munka iso inda hanyar gulbi ta rabu, igiya na hannuna, ja ɗaya ya isa. Sai hulata ta faɗi. Ba iska ake ba, amma ta faɗi. Na sauka na ɗauka, na kakkaɓe, na duba ciki da waje, hula ce mai son dubawa. Kafin in gama jaki ya wuce wurin, sai da na bi shi da gudu. Da munka isa mararraba kuma takalmina ne ya so gyara. Ya yi hagu. Ta ce ma buhun albasa, "Wanga jaki ba shi jin magana." Na ce ma sama, "Ba shi ji."

Ta sauka shan ruwa. Madam ta leƙo, ta dube ta, ta dube ni, ba ta yi ba'a ba ran nan. Ta kawo tasa cike, da ya cinye ta ƙaro wata. Ina zaune na ji kamiyo ya yi hon na farko, ya yi na biyu, na ji ya tashi. Azahar ta yi, dillalan jakai sunka watse. Sannan ɗiyata ta fito da ƙulli mai kusurwa huɗu, da ƙwayoyin magani, da gidan sauro cikin leda. Madam ta biyo ta tana magana da ƙarfi da jakin, wai a gaya ma mutanen gida yarinyar nan jininta ya hau, kowace kasuwa a kawo ta a duba, in kai ya yi ciwo ko ido ya yi duhu kar a jira kasuwa.

Na mai da buhu biyar gida. Mutum biyun nan sunka janye kayansu, yadda sunka ce. Yanzu itace nake ɗauka da bulo da taki, da yara masu sai da ƙwai. Jikana na nan, ya fara rarrafe, kunnuwanai irin na ubanai, ba laifina ba ne.

Amma kada wani ya ce na yafe. Kasuwar da ta zagayo bayan ranar da na mai da buhu biyar ɗin nan gida, da na kawo ɗiyata ta shige bayan labule, Madam ta fito da shuɗiyar tasa. Na tare ta kafin ta aje, gaban mata duka, na ce:

"Madam, tsaya. Kin ɓata mani jaki, kin kore mani masu albasa, kin mai da ni abin dariya wajen mai shayi, ko sannu ba ki ce mani ba. Ba ni sai da shi, kuma ba don ke ba. Amma jakin ga nawa ne, ba gwamnati ta ba ki shi ba. Daga yau tasar nan hannuna za ki sa ta, ni zan aje mai, shi san wa ke da shi. Kuma ki ce ma yaran nan su sake ƙwai, waɗanga sun fara wari."