Fallen Ƙarshe na Rakiya

Ban taɓa mantawa da ranar da na sa reza na farke ɗinkin littafin da na fi so ba. Ku da kuka karɓi ajin hutu a hannuna kuna yawan tambayata me ya sa muke raba wa yara littafi falle-falle. Daga ranar abin ya samo asali.

A farkon shekarun dubu biyu ni akawu ne a siton dabino na Alhaji Mamman, mutumin Damagaram, wanda 'yan kasuwarmu na Tamanrasset suka ɗauka babba. Hutun lekkol, wato makarantar boko, a nan dogo ne, daga Yuni har Satumba, yara su koma aji ido ya manta baƙi. Wata safiya Alhaji ya kira ni buro, wato ofishinsa.

"Isufu, kai da kullum kanka ke cikin littafi, ga aiki. Ka riƙa tara mini yaran unguwa da hantsi a bayan sito, su yi karatu."

Littattafan lekkol ba yaron da ke son ganinsu a hutu. Abin da nake da shi jaka ce cike da littattafan soyayya da direbobi ke kawo mini daga Kano. Na zaɓi ɗaya, labarin saurayin da ya tafi neman arziki, yana ta faman komawa ga wadda ke jiransa. Alhaji ya juya bangon, ya harare ni.

"Wannan za ka karanta wa 'ya'yana?"

"Alhaji, mai tsabta ne. Ko hannu ba su riƙe ba."

"Ranar da suka riƙe, ka nemi wani siton."

Littafi ɗaya ne, yara kuwa cike da tabarma. Shi ya sa na farke shi. Kowane yaro na ba shi fallensa ya tafi da shi gida ya yi ta maimaitawa. Kullum waɗanda layi ya zo kansu su miƙe su karanta, in tsayar da su daidai inda zuciya ke bugawa. Wanda bai zo ba, labari ya tsaya a kansa, abokansa da kansu za su je su jawo shi daga gida. Ban taɓa ɗaga bulala ba.

Rakiya ba 'yar lekkol ba ce. Uwarta mai wankau ce daga Matamaye, ba su da takardun zama. Ta daɗe tana leƙe daga bakin ƙofa kafin ta ce, "Mushe, ni ma a ba ni nawa." Haka yaran ke kiran malami. Sani, ɗan Alhaji, ya fashe da dariya, ya ce ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Sai na ba ta fallen ƙarshe, don ta samu hutun gaba ɗaya tana koyo. Da Alhaji ya ji, ya ce in ta karanta shi a gaban aji, shi zai tsaya mata har ta samu gurbi a lekkol.

Ta naɗe fallen a leda ta ƙulle a bakin zani. In an tashi ta zauna, muna bi da yatsa. Sani ya koma yi mata toshiya da dabino.

"Rakiya, don Allah, a ƙarshe saurayin ya same ta?"

"Kai da ka iya karatu, jira naka. Ni ko rabi ban kai ba."

Ni kuwa na gama tsara ranar ƙarshe a raina. Na ga an shimfiɗa tabarmi sababbi, uwarta na share hawaye, ita tana tsaye cikin farin hijabi. Littattafan da na tashi da su haka suke ƙarewa, na ɗauka duniya ma ta karanta su.

Ga waɗanda ba su zauna nan a lokacin ba: jifa-jifa jandarmomi kan kewaye unguwa, duk wanda ba shi da takarda a kai shi wani fili mai shingen waya, in motoci sun cika a sauke mutane bakin iyaka. Ƙarshen Agusta aka zo unguwarmu. Da hantsi na buɗe aji na ce, "Fallen wa ke biye?" Ba wanda ya miƙe. Mai shi yana cikin waɗanda aka kwashe, da na bayansa, da Rakiya.

Muka tafi filin da Alhaji. Ya yi ta roƙo da Larabci a sako Rakiya. Babban wurin ya saurare shi da ladabi, ya ce, "Ya Hajj, in akwai takarda, ɗauke ta yanzu." Babu takarda.

Na hango ta jikin waya, uwarta zaune kan ƙullin kaya.

"Mushe! Jiya na kai ƙarshe!"

Ta kwance ledar. Fallen ya yi laushi saboda yatsa. Ta fara, tana tuntuɓe tana komawa baya. Samarin da aka kwaso daga wurin gini, siminti bai bushe a ƙafafunsu ba, suka matso suna saurare. Ta karanta yadda saurayin ya sauka a tashar garinsu, ya tarar ana jiransa. Wani daga cikinsu ya ce a hankali, "Ashe shi ya isa gida." Alhaji ya juya baya, ya daɗe yana gyara rawani, sannan ya ce, "Na shaida, ta yi karatu."

Ta miƙo mini fallen ta ramin waya. Na ce ta riƙe.

"To ka gaya wa Sani ya same ta."

Bayan la'asar motocin suka tashi. Na tambayi direbobin Agadas, na tambayi na Damagaram, shekara da shekaru. Ba wanda ya kawo mini labarinta.

Washegari na isar wa Sani da saƙo. Na ce wa yaran na haddace littafin, zan cike musu guraben da ka. Sani ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe, ba haka muka yi ba. Mai falle shi ke karantawa." Sauran suka bi bayansa. Aka koma lekkol labarin bai ƙare ba.

Abin da aikin nan ya koya mini, yaro yana dawowa ga karatu in ya san ana jiran muryarsa. Amma yaranmu na nan ba su da tabbacin Satumba. Don haka na sauya ƙa'ida ɗaya, ita nake so ku riƙe: ranar da yaro ya ce ya iya fallensa, ko na ƙarshe ne, ko zai ɓata wa kowa labari, ku tsayar da komai ya miƙe ya karanta.