Casilda, Mai Wanke wa Agwagwa Baki

Ƙarfe bakwai na safe Doña Casilda Berrocal take shigowa garejinmu na jiragen ƙasa. Ta sha kofi a tsaye, ta ci burodi da man zaitun, ta ɗauki bokiti da dogon buroshi. Yau shekara goma sha bakwai, aikinta ɗaya ne: wanke wa Agwagwa baki.

Agwagwa jirgin ƙasa ne mai gudun gaske. A takarda yana da lamba, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da ita ba. Injiniyoyi sun ja masa hanci dogo, mai faɗi, a baje, don ya tsaga iska. Ranar da ya fara shigowa kowa ya ce ai agwagwa ce, sunan ya bi shi. Wanda aka kawo bayansa ma 'Yar Agwagwa muke ce masa. Bakin nan shi ke kwasar duk abin da ke hanya a gudun kilomita ɗari uku a awa: ƙwari, laka, gashin tsuntsu. Injin wanki ba ya ɓamɓare su duka. Casilda ce ke bi da hannu.

Ni ne Nicanor, mai haɗa taragu, kuma ba na yabon mutum don ya ji daɗi. Abin da na gani zan faɗa.

A ƙarshen hancin akwai murfin da ke rufe ƙugiyar haɗa jirgi da jirgi. Wata Talata, shekara biyu da suka wuce, saura rabin awa Agwagwa ta fita ɗaukar fasinjan Madrid, Casilda ta shafa murfin, ta tsaya. Ta kira Don Fermín, sabon shugaban sashenmu.

"Wannan ba za ta fita ba. Bakinta a buɗe yake."

"To ta yi kwak-kwak mu ji mana," in ji shi. Aka yi dariya, har da ni.

"Kullum farcena kaɗai ke shiga nan. Yau yatsana ya shige."

"Doña Casilda, na'urar duba lafiyar jirgi ba ta nuna komai ba. Ke wanki aka ɗauke ki."

Sai ta kife bokitinta a tsakiyar layin dogo, gaban jirgin, ta zauna a kai.

"Ko ki tashi, ko ki ajiye rigar aiki yau ɗin nan!" in ji Don Fermín.

"Ɗana, ina wanke bakin nan tun ba ka fara aske gemu ba. Kira makaniki."

Na matsa na ce mata, "Tashi, Casilda, saura kaɗan ki yi ritaya ki huta, kar ki zubar da abincinki." Ko kallona ba ta yi ba.

Eulogio makaniki ya zo yana mita. Ya tura murfin da gwiwa, murfi ya yi lilo. Biyu daga cikin ƙarafan da ke riƙe shi sun karye, ga fiffiken ungulu a cushe a ciki. Ya ce, "Da ta ɗau gudu, iska za ta fizge shi. Gilashin direba zai fara samu." Mutum ɗari uku ke jiran jirgin nan a tasha. Aka fito da wani jirgin, suka yi lattin minti ashirin, suka yi ta ƙorafi. Babu wanda ya ji sunan Casilda a cikinsu.

Casilda ta ɗauki bokitinta ta nufi 'Yar Agwagwa, don ita ma tana jiran wanki.

Ke ce mai ido a yatsa, Casilda. Ke kika zauna a kan bokiti ranar da mu, maza shida, muka tsaya muna dariya. Shawarar banza na ba ki, na gode da kika ƙi ji. Ranar Juma'a za ki ajiye buroshi ki koma ƙauyenku, mun gode, mu da direbobi da mutum ɗari ukun da ba su san ki ba.

Ku da za ku karɓi bokitin, kar ku tsaya ga kallo, ku sa hannu. In kun ji abin da ba daidai ba, ku faɗa, ku zauna a kai. Ba abin kunya ba ne. Jiya da safe na ga Don Fermín da kansa a durƙushe gaban Agwagwa, yana gwada yatsa a bakinta. Ya ɗauka babu mai kallonsa.