Shafukan da Basilla Ya Bari a Warwatse

Mai karatu, kafin in fara kuka bari in ɗaure ka da kacici-kacici. Mene ne yake kwana a masallaci, yake kwana a coci, yana riƙe da maganar kowa, amma ba a taɓa tambayarsa addininsa ba? Riƙe amsarka tukuna.

Mu na Allah ne, wurinsa kuma za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan nan, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran ƙanin mijina, mai ɗinkin littattafai da duk unguwa ke kira Basilla. A kan bencinsa ya cika, tabarau a goshi, fanka tana juyawa a samansa. Ni na raɗa masa sunan nan tun ina amarya, saboda tsawo da rama da yadda maganarsa ke huda mutum. Shi kuma ya rama da Rediyo, har jikokina suka taso suna zaton sunan yankana ke nan.

Basilla, tun da ka tafi na kasa zama wuri ɗaya. In share tsakar gida, in sake sharewa. In ɗora tukunya, in manta ban hura wuta ba. Ƙafata kullum shagonka take ja na.

Kai ne mai ɗinkin da ya fi kowa jinkiri a duniya, domin ba ka sa allura a littafi sai ka karance shi tas. In na ce lalaci ne, sai ka ce ai mutum ba ya ɗinka rigar da bai ga mai ita ba. Littafin liman, littafin fasto, littafin 'yan ƙwadago, duk a kanta ɗaya kake jera su. Ina tuna ranar da dangin wani mamaci suka tashi korar matarsa da marayunta daga ɗaki. Ka ɗauki littafin da ko bango ba ka sa masa ba, ka tsaya a ƙofarsu kana karanta babin haƙƙin maraya. Muryarka siririya ce, don haka ni nake maimaitawa da ƙarfi, ina ƙara gishiri. Ka yi ta zungurina kana cewa wannan babu shi a littafin. Matar nan tana ɗakinta har yau.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Ka bar littattafai biyu a kwance, ba ka ɗinke ba: na ladanin masallacinmu, da na tsohon nan mai kaɗa ƙararrawar coci. Dukansu wa'azi ne kan zalunci, girmansu ɗaya, rubutunsu iri ɗaya, gara kuma ta cinye gefen da lambobin shafi suke. Da aka zo ɗaukar gawarka babu wanda ya tuna da fanka. Ta watsa shafukan ko'ina, 'ya'yanka suka tattara suka haɗa wuri guda. Kai da ba ka taɓa mayar wa mutum littafi a ɓalle ba, a ce aikinka na ƙarshe tarkace ne? Ban yarda ba.

Ban yi nisa a boko ba, da yatsa nake bin layi, amma na shiga rabawa. Inda aka ambaci salla ko ranar Lahadi babu wuya. Sai na iso shafukan da ke cewa a biya lebura haƙƙinsa, kada a tauye awo, kada alƙali ya dubi rigar mai ƙara. Nan na tsaya cak.

Na aika aka kira masu littattafan. Ladan ya duba ya ce nasa ne, har yana iya kawo abin da ke biye a haddace. Mai ƙararrawa ya ce tun yana saurayi yake karanta wannan layin. Suka yi ta ja, kowa ya riƙe kusurwa, har na ji tsoron takardar za ta yage.

“Ku sake min ita,” na ce musu. “Mai shagon ya rasu, amma Rediyonsa tana nan da batirinta.”

Na ɗinke wa kowa abin da ya tabbata nasa ne. Ɗinkin mai ɗinkin zannuwa ne, Basilla, kada ka yi min dariya. Shafukan rigima kuwa na ɗinke su daban, na rataye a ƙusar da kake rataye hularka, na ce duk mai son ƙarasa littafinsa ya zo nan ya karanta. Jiya na leƙa na tarar da su biyun a bencinka, suna musu a kan wa zai juya shafi. Na ja kujera kusa da su. Karo na farko ke nan da na zauna tun rasuwarka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, har da tsokanar da ka yi min. Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, ƙanwata abokiyar hirata, da 'ya'yanka da jikoki, da duk wanda littafinsa ya taɓa kwana a shagonka. Allah Ya ba mu haƙuri.

Amsar kuwa zare ce. Ƙulli ɗaya Basilla yake saya, da shi yake ɗinke na kowa, kuma da ragowarsa na yi wannan ɗinki.