Mai Guga Ya Matso da Teburinsa

Shekara da shekaru Mai Guga yana aiki a bakin layinsu, ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. Gawayi, sitaci, ruwa a kofin roba, shi ke nan duniyarsa. Idan ya fitar wa wando kari, sai mai wandon ya ji nauyin zama da shi.

Ɗansa na fari ne abin alfaharinsa. Tun yana sakandare yake gyara waya, shi ya sa unguwa ke kiransa Injiniya. Sai Injiniya ya kama tari wanda ba a taɓa jin ya yi ba, yana zuwa kemis ɗin kan kwana safe da yamma. Mai kemis ɗin, da ake kira Dokta saboda farar rigarsa, mutum ne mai tausayi: bai taɓa wahalar da matashi da tambayar takardar likita ba. Daga maganin tari aka koma ƙwaya. Bayan shekara biyu Injiniya ya daina gyara waya, ya koma amsa ta ko ba ta yi ƙara ba, ko da babu batir a ciki.

An kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, ya dawo da ƙiba da rawar hannu. Maƙwabta suka ba Mai Guga haƙuri. Ya karɓa, ya gode, ya kuma ƙudura a ransa sai ya ga ƙofar kemis ɗin nan da kwado. Washegari ya ɗauki teburinsa ya kafa daidai gaban shagon, ya goge wa Injiniya riga fes, ya zaunar da shi a kan benci.

"Malam, ɗanka ne fa," in ji matarsa. "Ka mai da shi allon talla?"

"Iska yake sha. Likita ya ce ya riƙa shiga mutane."

Injiniya kuwa ya shiga mutane sosai. Ya manta abubuwa da yawa, amma bai manta abokan layi ba, kuma ciwon ya tafi da kunyarsa.

"Ɗan mai shayi! Kwalba biyu ko uku yau? Kai, na gidan Hajiya, har yanzu jar ƙwaya kake sha? Ka gaida Hajiya!"

Da ƙarfi yake gaisuwar, don shi mai zumunci ne. Iyaye suka fara tsayawa karɓar guga da ba su kawo ba. Matasa suka fara zagayawa ta wani layi.

Dokta ya fito yana murmushin dole. "Baba, wurin nan rana ta yi yawa. Ga inuwa can gaba."

"Rana ce ke busar min da sitaci, Dokta. Allah ya saka da kulawa."

Dokta ya kai ƙara, aka zo aka duba, aka tarar da tsoho yana guga da mara lafiya yana gaisuwa. Ba a samu dokar da ta hana ko ɗaya ba.

Wata ranar hutu ɗan Dokta ya dawo daga makarantar kwana, ya zauna tsaron shago. Injiniya ya ƙura masa ido, sannan fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwa.

"A'a! Kai ma ka shigo? Dubi leɓenka, dubi idon! Kada ka haɗa da lemo, ɗan'uwa, shi ya kwance min kai."

Yaron ya yi dariya a hankali, irin dariyar da takan makara. Dokta ya dubi ɗansa, ya dubi kwalin da ke ƙarƙashin kanta, wanda ya daɗe yana zargin ɓera da rage maganin cikinsa.

Mai Guga bai ɗago ba. Ya guntsi ruwa ya fesa wa wata riga.

Mako bai cika ba aka ga kwado a ƙofar kemis ɗin. Dokta ya tako, ba murmushi, ya tsaya gaban teburin.

"Baba, wane asibiti kuka kai shi?"

Mai Guga ya kwatanta masa hanya dalla-dalla, har da ƙofar da ta fi saurin shiga.

"Ka yi sammako, layin da tsawo," ya ce. "Kada ka ji kewa. Rabinsu sun san ka."