Yadda Tsahara Ta Koyi Sauka Daga Torotoro

A unguwar Maamobi, in ka ce Madam Tsahara, ko mai sayar da gawayi zai nuna maka ƙofarta. Doguwa ce, ga tabarau mai igiya, ga tafiya kamar wadda ake jira a wani wuri. Yara da yawa na unguwar a hannunta suka fara jin Faransanci. Sai dai kaɗan ne suka san cewa ranar da ta fara taka Ankara, wato birnin Accra, ko ruwan sha ba ta iya roƙo da bakin garin ba.

Daga Madawa ta ƙasar Nijar ta fito, a shekarar 1987, tana da shekara ashirin da ɗaya. Ta gama sakandare da Faransanci, ta nace sai ta ƙara da Turanci don ta zama sakatariya mai harshe biyu. Mahaifinta ya yi ta jan ƙafa, har ƙanen mahaifiyarta, Kawu Sayibu, mai kai albasa Ankara, ya ce shi zai kai ta, kuma yana da inda zai ajiye ta. Kwana huɗu suka yi a gaban babbar motar albasa. Ko da suka sauka, hatta mayafinta ƙamshin miya yake yi.

A unguwar Nima ya kai ta, gidan Mma Memuna, wata dattijuwa mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake irin ta can. Suna shiga tsakar gida Mma ta tafa hannu.

"Yarinya ya zo! Sanatu, kawo mishi ruwa, ya gaji."

Tsahara ta waiwaya ta ga wane namiji ne ya biyo su. Babu kowa. Kawu Sayibu ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Da ke ake. Hausar nan ba ta raba mace da namiji. Za ki saba."

Ta durƙusa ta gaida Mma yadda aka koya mata a gida, ta tambayi gajiya da iyali da aiki. Matan gidan suka bar abin da suke yi suna saurare. Sanatu, 'yar autar Mma, wadda ke koyon ɗinki a Accra New Town, ta ce da ita, "Sista, kai kana magana kamar rediyo." Aka bushe da dariya. Ba da mugunta aka yi ba, amma Tsahara ta shige ɗaki ta zauna a bakin katifa, ta ji ƙwalla na neman zubowa. Ta yi zaton Turanci ne kaɗai zai ba ta wuya. Ashe har harshen da ta sha a nono sai ta sake masa zama.

Kwanakin farko komai ya zo mata a baibai. Ta wanke zane da safe, la'asar ta yi bai bushe ba. Gumi ba ya barin jiki. Aka ba ta dokunu, wato tuwon masarar da aka tsima, da soyayyen kifi da barkono, ta kai loma ɗaya ta ji tsami, ta ɗauka ya lalace, ta tura kwanon ƙarƙashin benci don kada Mma ta ji kunya. Ashe Mma ta gani. Washegari sai ga koko da ƙosai a ƙofar ɗakinta.

Ranar da Kawu Sayibu zai koma, ta bi shi har bakin titi.

"Kawu, in na kasa fa?"

"In kin kasa, motar albasa ba ta daina zuwa ba. Amma ki bari ki kasa tukuna."

Makarantar koyon harsuna tana cikin gari. Kwana biyu Sanatu tana raka ta a torotoro, motar haya mai bencin katako, tana nuna mata inda ake sauka. A aji kuwa Tsahara ta zama kurma. Malamin, wani tsoho mai farin gashi, in ya tambaye ta abu, amsar tana nan a kanta da Faransanci, bakin ne ya ƙi buɗuwa.

Rana ta uku ta ce za ta tafi ita kaɗai. Ta shiga motar daidai. Da suka zo wurin saukarta ta gane shi sarai, ga shagon mai gyaran agogo, ga bishiyar. Amma me ake cewa a tsaya? Ta taɓa jin Sanatu tana faɗin wata kalma, amma kalmar ta bi ta ɓace mata. Ta ɗaga hannu, kwandasta yana kallon waje. Ta buɗe baki, kunya ta rufe shi. Mota ta wuce. Mutane suna ta sauka, ita tana zaune da littattafanta a cinya, har aka kai ƙarshen hanya direba ya kashe inji.

Ta sauko ta bi wani lungu mai warin kifi da hayaƙi. Lungun na ƙarewa sai ga ruwa, ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar, yana tasowa yana faɗuwa da ruri. Ita da ta girma inda ake jan guga gaba ashirin kafin a ga ruwa! Ta manta da makaranta, ta manta ta ɓata. Ta tsaya tana cewa "Subhanallahi" a hankali.

Wata mata mai ƙiba da ke banda kifi ta yi mata magana da harshen Ga. Tsahara ta girgiza kai. Matar ta gwada Twi, ta gwada Turanci. Can Tsahara ta tattaro abin da take da shi, ta ce da Turancin da ya karye gida uku: ita ɗaliba ce, mota ta tafi da ita, Nima.

Matar ta kwashe da dariya, ta goge hannu a zane, ta bar kifinta a kan wuta ta kamo hannun Tsahara har tasha. A hanya ta tsaya ta buga cinyarta, ta ƙwala ihu: "Bas stop!" Ta nuna Tsahara, alamar ta maimaita. Tsahara ta faɗa a hankali. Matar ta toshe kunne ɗaya, wai ba ta ji ba. Sai da ta sa ta faɗa sau huɗu, na ƙarshen har masu ɗinkin taru suka ɗago kai.

Da torotoro ya iso Nima, tun kafin a kai kwanar gidansu, Tsahara ta saki murya. Direba ya taka birki har wani dattijo ya dafe hularsa.

A gida ta ba da labari, wannan karon ita ta fara dariyar. Mma Memuna ta ce, "Yau ka zama ɗan Nima." Tsahara ba ta waiwaya neman kowa ba.

Washegari malamin ya ce kowa ya faɗi abin da ya yi jiya. Ta miƙe tun ba a kira ta ba. Ta ba da labarin teku da mai kifi, ajin yana ta dariya, malamin yana rubuta kurakuranta a allo har suka kai goma sha ɗaya. Da ta gama ya ajiye alli ya ce ai bai san tana da murya ba, gobe ma ita za ta fara.

Wata tara aka ce za ta yi. Kafin su cika, maƙwabta sun gano tana karanta Faransanci, suka riƙa kawo mata wasiƙun 'yan'uwansu daga Lome da Abijan. Daga nan wata makaranta a unguwar Kanda ta nemi ta riƙe mata aji na zango ɗaya. Sakatariyar da ba ta zama ba ke nan. Ta auri Falalu, wani tela abokin aikin Sanatu, suka kama ɗaki biyu a Maamobi, ta haifi 'ya'ya huɗu.

Takan je Madawa duk bayan shekara biyu. Can ma dariya suke mata, wai Hausarta ta sha ruwan teku. Takan ce su yi ta yi, ita dai a bar mata fura mai sanyi, don har yau ba ta samu wadda ta kai ta gida ba.